Layin Da Kawu Ya Ja A Wuyan 'Yan Ƙwallo

Kwanakin baya na bi ta unguwar Dira a ƙafa, ina neman gidan ƙasar da na fara kwana a cikinsa a garin nan, ban same shi ba. Na san lungun sarai. Na san inda bakalar ɗan Yaman take a bakin kwana, wato ƙaramin kantin unguwa da muke sayen komai, na san ma inda famfo yake ɗiga har ya yi gansakuka a jikin bango. Duk babu. An shimfiɗa dutse mai santsi, an kafa fitilu, motoci sun jeru a daidai inda ɗakinmu yake. Na tsaya sororo kamar baƙo, ni da na shekara arba'in da ɗoriya ina tuƙi a Riyad, ni da a da ko an rufe min ido zan kai ka unguwar Shifa in dawo da kai ban faɗa ramin titi ba. Wani matashi har tambayata ya yi ko na ɓata ne. Na ce masa a'a ɗana, gidanmu nake nema. Ya dubi motocin, ya dube ni, ya yi gaba abinsa.

Ba kewa kaɗai ta fitar da ni yawo ranar ba, guduwa na yi daga gida. An riga an buga min huruj, wato bizar fita wadda ba dawowa, don idona ya yi rauni, 'ya'yan marigayi kafilina, wato ubangidan da nake zaune a ƙasar da sunansa, su kuma suka ce, Baba, ka ajiye makullin mota haka nan, ka je gida ka huta. Saura mako guda jirgina ya tashi, ina zaune a gidan babban ɗana a Shifa ina ɗaure kaya, sai ga shi jikata ta daina yi min magana. Kwana uku ke nan ko kallona ba ta yi. In na shigo falo ta tashi, in na yi sallama ta amsa can ƙasan maƙoshi ta ja ƙofa. Kuma laifina ne, ba zan ɓoye ba. Amma kafin in faɗi abin da na yi mata sai na faɗi abin da aka yi min, don a wurina labari ɗaya ne.

Ina saurayi, gemu bai gama fitowa ba, Kawu ƙanin mahaifiyata ya nemo min biza na zo na same shi. Mu shida ne a ɗaki, duk 'yan gida, masu aikin gini da direbobi biyu. Ni ne ƙarami, saboda haka duk aikin da babu mai so nawa ne. Ni ke sammakon sayo gurasa da zafinta bayan asuba, ni ke kankare tukunyar da aka tuƙa tuwon shinkafa jiya, ni ke zuba ruwa a tsohuwar na'urar sanyaya ɗaki da ta fi ba da ƙara fiye da sanyi. In za a aika kaset gida, ni ake sa wa in danna, kowa ya zo ya durƙusa gaban rakoda yana gaida mutanensa ɗaya bayan ɗaya har da akuyar gidan. Har yau in na rufe ido ina jin garin na wancan lokaci: ƙofofin shaguna na ƙarfe suna faɗowa bi da bi in an kira salla, masu gwanjo a kasuwa suna daddage maƙogwaro, cokali yana kaɗa kofin shayi, da rediyon Kawu da sai an mare shi sau biyu yake kama tashar Hausa. Yanzu ka shiga ɗakin ma'aikata a unguwar Sulay, mutum takwas ne amma tsit, kowa ya toshe kunne ya duƙufa a kan wayarsa. Kawu shi ma ba mai yawan magana ba ne, amma shirunsa da nauyi. In ka yi daidai ya ce "To." In ka yi ba daidai ba ya ce "To fa." Iyakar yabonsa da faɗansa ke nan, kuma mun fi tsoron "to fa" ɗin nan a kan bulala. Abin da ya fi nanata min shi ne, "Ka zo garin mutane. Ka riƙe takardarka, ka riƙe bakinka, ka riƙe sallarka."

A bakalar nan na gano cingam mai kati. Ɗan ƙunshi ne, in ka yage sai ka tarar da cingam ruwan hoda mai tauri, wanda zaƙinsa ba ya wuce tauna goma, da ɗan kwali a bayansa mai hoton ɗan ƙwallo. Ƙanshin cingam ɗin yana kama kwalin, ya yi wata bai fita ba. Da farko cingam nake saya, daga baya ya zama kati nake saya, cingam ɗin in miƙa wa duk wanda na gani. Ku tuna fa, ba mu da talabijin. Mutanen nan ba mu taɓa ganin sun motsa ba. Mun san su ne a tsaye, hannu a ƙugu, ko a tsugune da ƙwallo a gabansu, suna murmushin da mai hoto ya ce su yi. Sunayensu kuma masu karya harshe ne, sai muka raɗa musu namu. Akwai Mai Saje, gola ne, tafin hannunsa kamar faifai. Akwai Na-Goggo, wani ɗan siriri mai fuskar tausayi da muka yanke hukuncin cewa kakarsa ce ta raine shi. Akwai Ba-Ka-Dariya. Akwai kuma wani mai sanƙo da ke fito min a kusan kowane ƙunshi, har na tsani bawan Allah ba abin da ya yi min, na riƙa tokare ƙafar tebur da shi. Ran Juma'a in an sauko daga masallaci mukan taru a inuwar wani bango, mu da samarin Sudan da na Yaman, a baje kati a ƙasa a yi musaya. Larabcina a nan na koye shi, ba a wurin aiki ba. Ka ba da mai sanƙo uku a ba ka Mai Saje ɗaya, a yi ta musu har jijiyar wuya kan wanda ya fi wani iya wasa, alhali babu wanda ya taɓa ganin ko ɗayansu ya taɓa ƙwallo.

Wata rana na yage ƙunshi a bakin bakala, sai na tsaya ina kallon katin da ya fito. Baƙin mutum ne, dogo, da jesi ruwan ɗorawa, yana dariya, ga wushirya a tsakiyar haƙoransa, ga kunnen hagu ya ɗan fi na dama buɗewa. Yayana ne sak. Yaya wanda nake bi, wanda ya koya min buga ƙwallon tsumma a bayan gidanmu, wanda zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke shi damina biyu kafin in taho. Bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba, a gidanmu kaf babu abin da za ka nuna ka ce ga kamanninsa. Na ma fara manta fuskarsa, abin yana cina ban gaya wa kowa ba. Sai ga shi a cikin cingam, a Riyad. Na san ba shi ba ne, ban haukace ba. Wani bawan Allah ne daga wata ƙasa can, mai uwa da uba nasa na kansa. Amma na kai wa Kawu na miƙa masa ban ce komai ba. Ya riƙe, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Allah sarki," ya miƙo min. Shi ya yanka ragon sunan Yaya da hannunsa. Daga ranar na jera katunana a saman shimfiɗata, na soka su a jikin tabarmar da muka rufe bango da ita, na sa Yaya a tsakiya.

Wata Laraba na dawo daga aiki da la'asar, na tarar da bango wayam. Katunan suna kan shimfiɗata, an tattara su an ɗaure da zare. Na kwance. Na farko Mai Saje ne, an ja masa baƙin layi a wuya, daga wannan gefe zuwa wancan, miƙaƙƙe sambal. Na biyu haka. Na uku haka. Na riƙa watsa su har na kai kan Yaya. Shi ma an ja masa. Kallo ɗaya na yi na kife shi. Kawu yana zaune a gefe yana jan carbi, ga biro da rula a gabansa, ko ɓoyewa bai yi ba.

"Kawu, wa ya yi wannan?"

"Ni ne."

"Har shi?"

"Har shi."

"Me ya yi maka? Ni me na yi maka?"

Ya ce, "Ɗaki ne da ake salla a cikinsa. Tattara ka sa a gwangwani."

A wancan zamani haka ake yi a garin nan. Mutane da yawa suna ƙyamar hoton mai rai, wasu kuma suna ganin in an ja layi an raba kai da gangar jiki, to ya tashi daga hoto. Har a littattafan 'yan makaranta za ka ga doki da layi a wuya. Na san da haka. Amma sanin bai hana ni jin kamar an yanka min ɗan'uwa a gabana ba. Na naɗe katin a takarda, na sa shi can ƙasan gwangwanin biskit, na danne da sauran, na rantse ba zan ƙara kallonsa ba. Daga nan na ɗauke wa Kawu wuta. Ban yi masa rashin kunya ba, ina, ba a yi mana wannan tarbiyyar ba. Ina gaishe shi, ina kawo masa gurasarsa, ina wanke masa kaya. Amma hira ta mutu. In ya ce zo ka ji labarin gida a rediyo, in ce ina da wanki. In ya turo min tsokar nama a kwano, in tura wa na kusa da ni. Yana gani, sai ya ce "To."

Wata biyu muna haka ciwon ƙirjinsa ya tashi, aka buga masa huruj. Ranar tafiyarsa kowa ya bar aiki don a raka shi filin jirgi. Ni na ce mai gida ya aike ni. Ƙarya nake, babu wanda ya aike ni. Ya tsaya a ƙofa da jakarsa, ya dafa kafaɗata, ya ce, "Ka riƙe takardarka." Na ce to, Allah ya kiyaye hanya, idona a ƙasa. Bai shekara a gida ba ya rasu.

Ranar da wasiƙar rasuwar ta iso, ɗaya daga cikin direbobin ɗakinmu, shi ma dattijo ne, ya ja ni gefe ya ce, "Kai, wai har yanzu ba ka san abin da ya faru ranar nan ba?" Ashe wakilin mai gidan da muke haya ne ya shigo duba ɗakuna, ya ga bango cike da fuskoki, ya ce a tattara a ƙona yanzu yanzu a gabansa, in ba haka ba mai su ya nemi wani wurin kwana. Kawu ne ya yi ta ba shi haƙuri da guntun Larabcinsa, ya ce yaro ne, a bar masa kayansa, shi zai ja musu layi. Wakili ya ce to, amma duka, kuma zai dawo ya duba. Kawu ya bar aikin ranar, ya aro rula a wurin telan da ke maƙwabtaka da mu, ya zauna tun hantsi yana ja ɗaya bayan ɗaya, a hankali, don kada layi ya karkace ya hau fuskar wani. Na ce to don me bai gaya min ba? Direban ya ce, "Cewa ya yi in ka sani za ka je ka yi wa wakili rashin kunya, a kore ka daga ƙasar. Gara ka yi fushi da shi, shi ba zai kore ka ba."

Shekara arba'in da wani abu ina ɗauke da wannan. Na yi aure, na haifa, na aurar, na sauke farali, kuma babu ɗawafin da na yi ban roƙa wa Kawu gafara ba. Amma "ka yafe min" ɗin da ban ce masa ba tana nan tsaye a maƙogwarona. Gwangwanin ya bi ni daga Dira zuwa Sulay, daga Sulay zuwa ɗakin direba a gidan kafilina. Da fushi ne ya hana ni buɗe shi, daga baya kunya. Ban yar ba, ban kuma buɗe ba.

To, jikata. A nan aka haife ta, shekararta goma sha huɗu, Larabci a bakinta kamar ruwa, Hausa kuwa sai ta tsaya ta laluba. "Jaddi" take ce min, kakana ke nan da Larabci. Ni kuma Amarya nake ce mata, irin wasan kaka da jika na gida, in ce yaushe za ki tare ne, ga shi na share ɗaki. Ba ta taɓa ramawa ba. Sai ta dubi uwarta ta ce, wai Jaddi lafiyarsa kuwa? Abin yana ba ni dariya, yana kuma ɗan sosa min rai, don da a gida ta tashi da tuni ta ce min tsoho mai furfura, wa zai aure ka.

Ita ma kati take tarawa, ikon Allah, ba wanda ya koya mata a gidan. Amma nasu na yanzu wani abu ne daban. Ba cingam, ba ƙanshi. Suna walƙiya, in ka juya su launi ya canza, wani ma an yanko ƙyallen rigar ɗan wasan an manna a ciki. Ba a taɓa su sai an wanke hannu, a riƙe ta gefe da yatsu biyu, a zura kowanne a 'yar leda, na musamman kuma a sa shi a gidan roba mai tauri. Tana da fitilar tebur da gilashin ƙara girma, ta duƙa tana duba kusurwa huɗu da gefe-gefe kamar likitan ido. Mu da muke wurga namu a jikin bango, wanda nasa ya hau kan na wani ya kwashe! Kuma ta san mutanen da ke ciki, ba irin saninmu na ƙage ba. Ta san abin da suke ci, ta san ƙafar da ke musu ciwo, tana ganinsu a waya suna wasa da 'ya'yansu. Wasunsu ma a garin nan suke zaune yanzu, ubanta yana kai ta filin wasa ta gan su ido da ido. Wani lokaci nakan ce mu muka fi more su, tunda mu muka ƙera musu hali yadda muke so. Wani lokaci kuma in ce tsufa ne ke sa ni faɗin haka.

Akwai guda ɗaya da ta fi so, na wani gola, don ita ma gola ce a makarantarsu. Sau uku ubanta yana kai ta bakin wurin da suke atisaye suna tsayuwa a rana, sai a na ukun mutumin ya tsayar da mota ya sa mata hannu a kan katin da alƙalami mai ruwan azurfa. Ranar da na sauka a gidansu ta kawo min shi da hannu biyu, ta ce da Hausarta mai ɗingishi, "Jaddi, wannan shi ne babba na duka." Na ga abin a cikin 'yar leda shara-shara, sai tausayi ya kama ni. Na ce a raina, yarinyar nan ba ta san yadda ake adana abu ba.

Mu mutanen iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, abu ɗaya muka sani. Duk takardar da ranka yake ciki, kai ta a yi mata laminetin, a rufe ta ruf cikin roba da injin zafi, shi ke nan ka huta. Kwafin iƙama, lasin tuƙi, takardar asibiti, hoton 'ya'ya, har lambobin wayar gida na taɓa rubutawa na kai an rufe min. Saboda haka da ta tafi makaranta na ɗauki katin na nufi kantin da na saba, ina ta murna zan bar mata abin tunawa. Mai kantin ya juya shi gaba da baya ya ce, "Ya Hajji, ka tabbata?" Na ce kai dai sa, tun ba a haife ka ba nake wannan. Katin ya shiga injin yana walƙiya, ya fito ta ɗaya gefen a dushe. Zafi ya narkar da sa hannun ya zama shafaffen tabo, fuskar golan ta yi ƙuraje. Ko da raunin idona na ga ɓarnar. Na ce ko za a iya ɓarewa? Ya ce in an ɓare, da fuskar zai taho.

Ba ta yi ihu ba. Da ma ta yi. Ta karɓa, ta duba, ta ce, "Don me, Jaddi?" Na ce don kada ruwa ya shiga, kada gumi ya ci. Ta dube ni, ta dubi katin, ta shige ɗaki. Ubanta ya so ya yi mata faɗa, wai kati ne kawai, kuma kakanta ne fa. Na ce kul, kada ka soma. Uwarta ta ce, "Baba, a ƙyale ta, yarinta ce, kafin ka tafi za ta huce." Ni na san ba lallai ba ne. Na san fushin shekarun nan ciki da bai, yana jin daɗin kansa, yana ganin kullum akwai gobe.

A tsaye a wurin ajiye motocin nan na Dira na gane abin da nake tsoro. Fushinta dai na ci shi, haƙƙinta ne. Amma ni tsoho ne, in na hau jirgin nan Allah kaɗai ya san ko za mu sake ganawa. Tsorona kada wata rana waya ta iso gidan Shifa, yarinyar nan ta tashi da abin da na tashi da shi, ta ɗauke shi har furfura. Kawu ya yi min komai, abu ɗaya ne bai yi ba, bai buɗe baki ya biyo ni ba. Irin tarbiyyarsu ke nan, babba ba ya bin yaro. Na ce ni kam zan bi.

Na dawo gida bayan la'asar, na zaro gwangwanin daga ƙasan akwati, na ɗauki cokali a kicin don murfin ya yi tsatsa, na ƙwanƙwasa ƙofarta.

"Amarya, in shigo?"

Can ta ce, "Shigo."

Na zauna a ƙasa a kan kafet, gwiwoyina suna ƙara. Na ce, "Na ɓata miki abu. Ban sani ba, amma rashin sanin bai gyara shi ba. Ki yafe min." A rayuwata ban taɓa faɗa wa ɗan cikina haka ba, balle jika, kuma ga shi ban mutu ba. Idonta yana kan gwangwanin. Na ɓalle murfin. Wallahi ko hancina ne ke min ƙarya, na ji ƙanshin cingam.

Ta sauko daga kan gado. Ta ɗauki Mai Saje da yatsu biyu ta gefe, yadda take ɗaukar nata, ta ce, "Wa ya yanka su?" Na ba ta labari tun daga farko, da Hausa, in ta ɓata in tsallaka Larabci in dawo da ita. Na gaya mata na bakala, da na Yaya, da na wakili, da ranar da na ce an aike ni. Da na zo nan sai na zaro ƙunshin takardar nan na ƙasa na miƙa mata, na ce ta buɗe, ni ba zan iya ba.

Ta buɗe. Ta kai shi teburinta, ta kunna fitila, ta ɗora gilashi. Ta daɗe a duƙe. Ta ɗauko wasu daga cikin gwangwanin ta jera kusa da shi, ta sake dubawa, tana karkata su a haske.

"Jaddi, zo."

"Idona ba ya gani, Amarya."

"Zo dai. Wannan biro ne, ka ga ya nutse cikin kwali. Wannan ma biro. Duka biro. Amma wannan," ta rasa kalmar, ta zaro fensir daga cikin kofi ta nuna min, "da wannan aka yi. Kuma bai danna ba. A hankali ya ja."

Na duƙa a kan gilashin. Ga Yaya yana dariya da wushiryarsa, yaro ɗanye shakaf, ɗana ma ya girme shi yanzu. Ga layin a wuyansa, toka-toka, yana ɗan sheƙi a haske. Fensir ne. Kawu ya ja wa duk sauran biro, ya zo kan wannan ya ajiye biro ya nemo fensir, yadda wakili zai gani ya wuce, ni kuma in sa kilina in goge a minti ɗaya. Bai gaya wa kowa ba, ko direban nan bai sani ba, don kada magana ta koma kunnen wakili. Yana zaune a gefe da carbinsa yana jira in duba da kyau, ni kuwa kallo ɗaya na yi na kife. Na yi kuka a gaban jikata, kuka sosai, irin wanda ban iya yi ba ranar da wasiƙa ta zo.

Ta bar ni na yi mai isata. Sannan ta ɗauko kilina ta riƙe a saman katin, ta ce, "In goge?"

Na ce, "A'a. Bar shi."

Ta gyaɗa kai kamar da ma abin da take jira in ce ke nan. Ta jawo aljihun tebur ta fito da gidan roba sabo fil. Ashe don golanta ta yi odarsa, ya iso washegarin ɓarnata ya tarar babu mai shiga. Ta zura Yaya a leda, ta sa shi a ciki, ta danna ya ce ƙas.

"Fensir yana gogewa in ana taɓawa," in ji ta. "Yanzu ba zai goge ba."

Na ce ta riƙe shi, da gwangwanin duka, har mai sanƙo. Ita kuma ta ɗauko golan nan da na ƙona ta zura min a aljihun gaba, inda iƙamata ta zauna duk shekarun nan. Ta ce, "Wannan kai ka tafi da shi. Ruwa ba ya shiga, gumi ba ya ci." Ta ɗan yi jim tana haɗa kalmomi, sannan ta ce, "Tsoho mai ɓarna. Wa zai aure ka?" Uwarta da ke laɓe a bakin ƙofa ta fashe da dariya tana share ido da gefen mayafi.

Gobe jirgina zai tashi, kuma gobe ranar makaranta ce. Ɗazu ubanta ya ce ta shirya da wuri ya sauke ta a hanya kafin mu wuce. Ta ce masa gobe babu inda aka aike ta, ita za ta riƙe min jaka har bakin ƙofar da masu rakiya ba sa wucewa.